Ta baki aka ciro shi

Ina da gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda tun ina ƙarama na san ta da karkataccen baki. Idan ta yi dariya, ɓangaren dama ne kaɗai ke dariyar, na hagu yana nan zaune kamar ba da shi ake ba. Idonta na hagu ma ba ya rufuwa duka, kullum da ɗan hawaye a gefensa, kullum da hankici a hannunta. Akwai wani tabo da ya taso daga gaban kunnenta ya zagayo ƙarƙashin muƙamuƙi. Mu yara ba mu isa mu tambaya ba. Sai da na yi wayo Umma ta gaya mini cewa ƙari aka cire mata a gefen fuska tun kafin a haife ni, aikin ya taɓa jijiyar da ke motsa fuskar. "Kuma fa ba mugun ƙari ba ne," in ji Umma, "da an bar mata abinta ma."

Umma ta faɗi maganarta ta wuce, ni kuwa ta zauna mini a rai. Na tashi da tsoron duk wata wuƙa da za ta kusanci fuska ko wuya. Ko haƙori ne ke mini ciwo, sai in yi ta daurewa har sai abin ya fi ƙarfina.

Ina da shekara 34, ina koyarwa a makarantar firamare, da yara uku, lokacin da maigidana ya fara tsokanata cewa na koyi minshari. Na ce sharri ne. Ya ɗauki sautin a waya ya kunna mini da safe, muka yi dariya, maganar ta wuce. Daga baya kunnena na hagu ya riƙa toshewa kamar ruwa ya shiga. Muryata ta canza, ta yi nauyi kamar mai magana da loma mai zafi a baki. In na haɗiyi abu, sai in ji kamar ya ɗan ratse kafin ya wuce. Babu ciwo ko kaɗan, shi ya sa ban damu ba. Malama ce ni, kullum cikin ɗaga murya nake, ga ƙurar alli, sai na ɗora wa aikin laifi.

Haƙori ne ya tona asirin. Wani turmi na ƙasa ya hana ni barci kwana uku, dole na je wurin likitan haƙori. Ta ce in buɗe baki, ta haska fitila, sai na ga ta daina kallon haƙorin tana leƙa can ciki. Ta ce in ce "aa". Na ce. Ta sake cewa in ce. Sannan ta miƙo mini madubi ta ce, "Malama, kin taɓa lura da wannan?" Saman bakina can ciki, ta ɓangaren hagu, ya kumburo ya turo belu gefe. Belun da ya kamata ya rataya a tsakiya ya koma dama kamar an hure shi da iska. Shekara nawa ina goge baki a gaban madubi safe da dare, ban taɓa leƙa wurin ba.

Ta tura ni wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Aka yi mini hoton MRI, na kwanta cikin wannan bututun mai ƙara fiye da rabin sa'a ina ta addu'a a zuci. Aka fesa mini maganin kashe zafi a maƙogwaro, aka soka siririyar allura ta baki aka tsotso ɗan abin da za a auna. Kwana tara na jira sakamako. A kwanakin nan na rubuta wa maigidana lambobin sirrin wayata da na asusuna a takarda na ɓoye cikin littafi, ban gaya masa ba. In ina yi wa autana wanka, sai in tsaya ina kallon bayansa har ruwan ya huce.

Ranar da muka koma, likitan bai ja rai ba. Ya ce, "Ba kansa ba ce." Maigidana ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ni kuma hawaye suka zubo. Gaskiya daga nan ban ƙara jin komai da kyau ba. Likitan yana ta bayani, ni ina ta hamdala a raina. Sai a zuwa na biyu na fahimci abin da ya faɗa.

Ƙarin ya tsiro ne daga naman da ke samar da yawu. Likitoci na ce masa filomofik adinoma, kuma shi ne ya fi yawa a cikin ƙarin wannan naman da ba kansa ba. Yawanci a gaban kunne yake fitowa, inda za a gan shi a taɓa shi, kamar na Gwaggo. Nawa kuwa ya zaɓi wani lungu a gefen maƙogwaro, can cikin wuya, tsakanin muƙamuƙi da ƙasan ƙoƙon kai. Likitan ya ce ƙari a wannan lungu ba kasafai ake samunsa ba, bai kai ɗaya cikin ɗari na ƙarin kai da wuya ba, kuma mafi yawansu ba kansa ba ne. Matsalar ita ce maƙwabta. Ya nuna mini a hoton da bakin biro: ga babbar jijiyar da ke kai jini ƙwaƙwalwa, ga wadda ke dawo da shi, ga jijiyoyin da ke sarrafa haɗiya da murya da harshe, duk a matse wuri guda a bayan ƙarin. Ya ce irin wannan ƙari ba ya narkewa da magani, ba ya tsayawa da girma, kuma in ya daɗe shekaru da yawa, kaɗan daga cikinsu kan rikiɗe su zama kansa. Cire shi ne magani.

Na tambayi yadda ake cirewa. Ya ɗora yatsa a wuyansa ya ja layi ƙarƙashin muƙamuƙi. Ta nan ake yankawa, a ɗaga fata, a kauce wa reshen jijiyar fuska da ke motsa leɓen ƙasa, a bi ta ƙasa a kai ga ƙarin. In ya yi girma ko ya ɓuya da yawa, wani lokaci sai an tsaga ƙashin muƙamuƙi an buɗe shi kamar ƙofa, in an gama a mayar a ɗaure da ƙarfe. Yana magana ina ganin fuskar Gwaggo. Na ce masa zan yi shawara. Na fita daga ofishin nan ban sake komawa ba sai bayan wata 14.

Wannan ne ɓangaren labarin da nake jin kunyarsa, kuma saboda shi na zauna rubutun nan. Kalmar "ba kansa ba ce" na mayar bargo na lulluɓa. Duk wanda ya tambaye ni sai in ce an auna, ba komai ba ne. 'Yan uwa ma suka taya ni, kowa na cewa tunda ba ya ciwo a bar shi, kada garin neman gira a rasa ido. Maigidana ne kaɗai yake tuna mini, ni kuma in ce sai an yi hutun makaranta. Hutu ya zo ya wuce har sau uku.

Abin bai bar ni ba. Na fara farkawa cikin dare a firgice kamar an shaƙe ni. Ƙwayar magani ta daina wucewa sai na raba ta biyu. Wata rana ina karanta wa 'yan aji uku labari, wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, alewa ce a bakinki?" Ajin ya ɗauki dariya. Ni ma na yi, amma da aka tashi na zauna a kujerata na kasa miƙewa. Da murya nake ci nake sha, ga shi yarinya 'yar shekara takwas ta ji abin da nake ƙaryata kaina a kai.

Sabon hoton ya nuna ƙarin ya tashi daga santimita 3 ya haura 4. Likitan bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi, da na fi samun sauƙi. Ya dube ni ya ce ya gane abin da nake tsoro, kuma akwai wani abokin aikinsa a wani asibiti mai nisa da ke cire irin wannan ta baki, ba tare da an yanka wuya ba, da taimakon mutum-mutumi. Zai tura masa hotunana ya ga ko na dace.

Mutum-mutumi! Abin da ya zo mini a rai shi ne wani ƙarfe mai kai da ƙafafu yana tsaye a kaina da wuƙa, babu mai ce masa bari. Da na gaya wa yayana a waya, shiru ya yi sannan ya ce, "Ke kina da hankali kuwa? Na'urar cire kuɗi ma haɗiye katin mutum take yi, ita za ki miƙa wa maƙogwaronki? In wuta ta ɗauke fa?" Na ce, "Yaya, ni ma abin da nake tambaya ke nan." Ya ce to ya bi ni mu je ya ji da kunnensa.

Mun je mu uku. Likitan tiyatar mutum ne mai sanyin magana, ba ya gaggawa. Abu na farko da ya ce shi ne sunan ne ke ruɗar mutane, domin na'urar ba ta yanke shawarar komai, ba ta motsi da kanta ko na ƙiftawar ido. Ya kunna mana bidiyo. Likita na zaune a wani mazauni a cikin ɗakin tiyatar, 'yan taku kaɗan daga gadon, ya cusa goshinsa cikin wani abin leƙe, yatsunsa cikin wasu ƙananan zobba, ƙafafunsa a kan abin takawa. A wurin mara lafiya kuma ga hannuwan ƙarfe uku sun shiga baki: ɗaya kyamara, biyu kayan aiki, kowanne bai fi kaurin yatsa ba. In likita ya juya wuyan hannunsa, kan abin ya juya a cikin maƙogwaro daidai yadda ya yi, amma a taƙaice. In hannunsa ya ɗan yi rawa, na'urar ta tace rawar. Kyamarar ido biyu gare ta, don haka yana ganin zurfi da kusa kamar ya shiga cikin bakin da kansa, kuma komai ya ninku har kusan sau goma. Da zarar ya ɗago kansa daga abin leƙen, hannuwan sai su tsaya cak. Ga kuma wani likita zaune a kan mara lafiya yana tsotse jini da hayaƙi, yana kallon komai da idonsa.

Yaya ya yi tambayarsa ta wuta. Likitan ya yi murmushi ya ce akwai batir a jikin na'urar, akwai wutar ko-ta-kwana a asibitin, kuma in abin ya ƙi gaba ɗaya, janye ta ake yi a ci gaba da hannu kamar yadda aka saba. Yaya ya gyaɗa kai, amma na san shi, bai gamsu ba.

Da muka dawo na shiga bincike, dare da rana, har maigidana ya ce na kusa zama likita. Na gano sunan na'urar da Vinci, wani kamfanin Amurka mai suna Intuitive Surgical ne ke ƙera ta, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da ita tun shekarar 2000, da farko don aikin ciki. Shigar da ita ta baki kuwa wasu likitoci biyu ne na Jami'ar Pennsylvania suka share hanyarsa, Gregory Weinstein da Bert O'Malley, hukumar ta amince da shi a 2009 don wasu ƙananan kansar maƙogwaro da kuma ƙarin da ba kansa ba. Na karanta cewa a Koriya ta Kudu ma likitoci sun shahara wajen cire ƙarin maƙoƙo da ita, su shiga ta hammata don kada a bar tabo a wuya, wasu kuma ta bayan kunne inda gashi zai rufe. Abin da ya kwantar mini da hankali a duk karatun nan shi ne ba da ni za a fara ba. Fiye da shekara goma ana yi kafin in ma san da zancen.

Amma abin da ya sa na yarda da likitan nan ba yabon na'urar ba ne, aibinta da ya faɗa mini ne. A zuwa na biyu, ni da maigidana kaɗai, ya ce akwai abin da yake so in sani kafin in sa hannu. Na'urar da yake aiki da ita tana gani fiye da idonsa, amma ba ta jin taɓi. In da yatsansa ne, zai ji inda ya yi tauri da inda ya yi laushi, zai ji in ya ja da ƙarfi. Da ita kuwa sai dai ya karanta haka da ido, ya ga yadda naman ke miƙewa. Shi kuma irin ƙarina yana cikin wata siririyar jaka ce, kamar fatar cikin ƙwai. In jakar ta fashe abin ciki ya zube, kowane ɗigo zai iya zama iri, bayan shekaru ƙarin ya dawo, ba ɗaya ba, da yawa, kuma cire su a karo na biyu ya fi wuya nesa ba kusa ba. Ya ce saboda wannan dalili akwai ƙwararrun likitoci da har yanzu suka fi son bi ta wuya a irin nawa, kuma ba ya cewa sun yi kuskure.

Na ce, "To likita, me ya sa kake ganin na dace?" Ya jawo hoton. Ya nuna mini wani siririn layin kitse da ya raba ƙarin da babban ƙullutun yawu na gaban kunne, alamar bai manne masa ba. Ya nuna babbar jijiyar jinin, ƙarin ya tura ta baya da waje, wato in an shigo ta baki ƙarin za a fara tararwa, ba jijiyar ba. Da a ce ita ce a gaba, ko ƙarin mai yawan jini ne, ko ya haura ya manne wa ƙasan ƙoƙon kai, ko bakina ba ya buɗuwa sosai, da bai ma kawo zancen ba. Har da ma'auni ya auna buɗewar bakina. Sannan ya ce sharaɗinsa ɗaya ne: in sa hannu cewa in ya shiga ya ga abin ba zai fito lafiya ta baki ba, zai yanka wuyan. "Ba zan fasa jakar nan don in cece ki daga tabo ba," in ji shi.

Wato dai abin da na yi wata 14 ina gudu yana nan a takardar, an rubuta shi ɓaro-ɓaro, tare da zubar jini, da karyewar haƙori, da yiwuwar huda maƙogwaro don numfashi in wurin ya kumbura. Na roƙi kwana biyu. A daren farko na ce wa maigidana, "In na farka bakina a karkace fa?" Ya daɗe bai ce komai ba. Can ya ce, "Ni dai ki farka. Sauran mu ji da shi tare." Ba mutum ne mai iya irin wannan maganar ba, shi ya sa ta shige ni.

Washegari na kira Gwaggo. Ban taɓa yi mata zancen fuskarta ba, ita ma ba ta taɓa yi mini ba. Na gaya mata komai, har da abin da Umma ta faɗa shekarun baya. Ta yi wannan dariyar tata ta rabin baki, ina jin ta ta waya. Ta ce, "Uwarki ba ita ke ɗauke da shi ba. Ni na san abin da na ji. Ko yau aka dawo da ni, zan ce a cire. Ke je ki, 'yata, Allah ya ba da sa'a." Na sa hannu a ranar.

Abin da na tuna a ɗakin tiyata kaɗan ne. Sanyi. Na'urar tana gefe an lulluɓe hannuwanta da leda mai haske, ta fi yadda na zata girma, hannuwan a naɗe kamar gizo-gizon da ke barci. Likitan ya zo ya tsaya inda zan gan shi ya ce, "Ga wurin zamana can, kin gani? Ba na fita." Mai ba da maganin barci ta ce ta hanci za su saka bututun numfashi don a bar bakin sarari. Ta ce in ja numfashi sosai. Ban kai na huɗu ba.

Da na farka, kafin in san inda nake, hannuna ya tafi wuyana. Na shafa dama, na shafa hagu. Fata ce kawai, babu bandeji. Nas ɗin da ke kaina ta gane, ta ce, "Ba a yanka ba, ta baki ya fito." Likitan ya zo ya ce in ɗaga gira, in rufe ido da ƙarfi, in yaƙe haƙora, in zaro harshe. Maigidana yana tsaye a bayansa. Fuskarsa na kalla, ba ta likitan ba, a nan na karanta cewa komai na motsi.

Kada wanda ya karanta wannan ya ɗauka daga nan sai murna. Wanda aka ce masa ba a yanka waje ba yakan manta an yanka ciki. Kwanakin farko, haɗiyar yawuna kaɗai kamar haɗiyar fasasshiyar kwalba ce. Zafin yana harbawa har cikin kunne. Ƙarfen da aka buɗe bakina da shi na tsawon sa'o'i ya danne harshena, gefensa ya mutu, na yi makonni ba na jin ɗanɗano sosai a wurin. Leɓena ya tsage a kusurwa. Muƙamuƙina ya sandare, yatsa biyu da ƙyar suke shiga tsakanin haƙorana, sai da aka koya mini motsa shi kullum. Kwana huɗu ta siririn bututun hanci ake ba ni abinci don ɗinkin ya samu ya kama. Ranar da aka ba ni ruwa a cokali, rabinsa ta hanci ya fito. Na yi kuka, kukan ma ciwo yake. An gargaɗe ni cewa cikin mako biyun farko ko ɗan jini na gani a baki in taho asibiti a guje, don haka duk tofar da zan yi sai na duba.

A kwana na uku likitan ya zauna a gefen gadona ya ba ni labarin aikin. Ya ce na'urar ta yi masa kyau a sama da gefe, ya ga ƙananan jijiyoyin jini tun kafin su yi ɓarna, ya ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Amma da ya kai bayan ƙarin, can inda ido ba ya kaiwa kuma babbar jijiyar ke kwance, sai ya tashi daga mazauninsa, ya sa aka janye hannuwan ƙarfen, ya cusa yatsansa ya bi bayan jakar a hankali yana ɓanɓare ta har ta saki. Ya nuna mini hoton abin a wayarsa, an ajiye shi kusa da ma'auni, fari-fari, mai ƙulle-ƙulle, jakarsa ba ta fashe ba. Da na ba Yaya wannan labarin, ya ce, "Ka ji! Ai na faɗa, a ƙarshe dai sai da ɗan Adam ya sa hannu." Ban yi masa musu ba, na bar shi da nasararsa. Bayan kwana goma sakamakon awon ƙarin gaba ɗayansa ya fito, ya tabbatar da abin da allura ta nuna tun farko.

Akwai abu ɗaya da ya biyo baya wanda aka ambata mini a takarda amma ban riƙe ba. Wajen mako uku da aikin, na fara cin abinci mai ɗan ƙarfi. Lomar farko na kai baki, wani zafi ya tsarga mini daga gaban kunnen hagu zuwa muƙamuƙi kamar an soka ƙusa. Na saki cokalin na dafe kunci. Loma ta biyu da sauƙi, ta huɗu babu komai. Da dare ma haka, washegari ma haka, kuma abu mai tsami ya fi tayar da shi. Likitan ya ce sanannen abu ne bayan aiki a wannan lungu, har sunansa ciwon lomar farko, yana faruwa ne in an taɓa wasu ƙananan jijiyoyin da ke daidaita aikin ƙullutun yawu. Na yi wata bakwai ina tsoron fara cin abinci. Yarana har sun saba, in aka zuba sai su yi shiru su zuba mini ido, in na wuce lomar farko na ɗago musu babban yatsa, sannan kowa ya ci. Ya ragu a hankali, yanzu sai jefi-jefi.

Wani ciwon kuma da ban zata ba, na mutane ne. Masu zuwa dubiya sai su kalli wuyana su ce, "Ina aka yi aikin? A'a, ashe ƙaramin abu ne." Wata ma ta ce ai kamar cire haƙori ne. Ina zaune na rame, ko ruwa da dabara nake sha, amma tunda babu bandeji babu ɗinki a waje, babu mai ganin ciwon. Ni ma na biye musu. Na koma aji bayan mako uku alhali an ce in yi fiye da haka, na yi kwana biyu ina ɗaga murya, gefen ɗinkin ya buɗe, aka mayar da ni kan abinci mai ruwa-ruwa na wasu kwanaki. Wannan laifina ne ni kaɗai. Tabon da na yi ta gudu, a lokacin har na riƙa tunanin da yana nan da ya yi mini shaida.

Yanzu shekara uku ke nan. Minshari ya tafi, maigidana ya rasa abin tsokana. Muryata ta dawo, kunnen ya buɗe. In na haska fitilar waya a bakina, belun yana tsakiya, gefensa kuma akwai wani farin layi siriri wanda in ba an nuna wa mutum ba, ba zai gani ba. Ba a sallame ni gaba ɗaya ba, domin irin wannan ƙari yana iya dawowa ko bayan shekara goma, shi ya sa duk shekara nake komawa cikin bututun MRI. Kowane mako na jiran sakamako, barcina ba ya nisa. Nauyin jikina bai gama dawowa ba, kuma har yanzu in an miƙo mini abu mai tsami sai na ɗan tsaya.

Da na samu ƙarfin tafiya, Gwaggo na fara kai wa ziyara. Ta tsufa, idon daman ma ya fara rauni. Ta jawo ni kusa da taga, ta kama haɓata da hannu biyu, ta juya fuskata dama da hagu, ta bi wuyana da yatsa tun daga kunne har ƙarƙashin muƙamuƙi, daidai inda nata tabon yake. Ta ce in buɗe baki, ta leƙa ta ce ita ba ta ga komai ba. Sannan ta ce, "Yi dariya in gani." Na yi. Ta goge idonta na hagu da hankicin nan, ta ce in sake.